Na yi wa Allah alkawarin ɗana zai yi aikin bishara, shi kuwa hankalinsa yana kan gyaran waya

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce a Garwa, a arewacin Kamaru. Iyayenmu daga wajen Mubi suka ƙetaro tun muna ƙanana, Hausa muke yi a gida, da ita kuma muke sujada. Na daɗe a ɗakin aure ban haihu ba, na sha baƙar magana wurin dangin miji. Cikin wannan baƙin ciki na durƙusa na yi wa Allah alkawari, in ya ba ni ɗa namiji zan mayar masa da shi ya yi aikin bishara. Allah ya ji kukana. Yanzu yaron shekararsa 14, baɗi zai rubuta jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare.

Tun yana ƙarami ba ya ganin rediyo ko tocila sai ya kwance. Yanzu da an tashi daga makaranta sai kasuwa, shagon wani Alhaji mai gyaran waya da fitilun sola. Makinsa na lissafi da kimiyya yana da kyau, amma Faransanci da tarihi sun yi ƙasa. Babansa direban babbar mota ne, bai yi nisa a karatu ba, burinsa yaron ya zama ma'aikacin gwamnati. Da ya ga takardar sakamako ya yi masa dukan da ban taɓa gani ba, ya kwashe 'yan kayan aikinsa ya kulle a akwati. Matar wani dattijon ikkilisiyarmu ta ce mini in ban yi hankali ba za a musuluntar da shi, kuma alkawarin da na yi zai zame mini la'ana.

Tun ranar dukan nan ya daina buɗe baki a addu'ar dare. Da na matsa masa sai ya ce, "Mama, ke kika ce kowace baiwa daga Allah take. To wannan tawa daga wa take?" Ƙanwarsa tana cikin mawaƙan majami'a, kowa yana yaba ta, shi kuwa ɗan bola ake ce masa. Barci ya gagare ni. In na bar shi na saɓa wa Allah, in na hana shi ina tsoron rasa shi. Yaya zan yi?

Daga wata uwa a Garwa

'Yar'uwata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Sannu da wannan nauyi. Macen da ta san zafin jiran haihuwa, ta kuma san irin kallon da ake yi wa wadda ba ta goya ba, ba abin mamaki ba ne ta riƙe ɗanta da ƙarfi haka. Ban ga laifinki a kan tsoron da kike ji ba. Amma ki dubi tambayar da yaron ya yi miki da kyau. Yaron da zuciyarsa ta bar Allah ba zai damu da sanin daga wa baiwarsa ta fito ba. Ɗanki da koyarwarki yake yi miki gardama, wato abin da kika shuka ya kama. Amsa yake jira, kuma ya cancanci a ba shi ita a fili: baiwarsa daga Allah take, daidai da muryar ƙanwarsa.

Ba don in kwantar miki da hankali na faɗi haka ba. Ki buɗe Littafin Fitowa sura 31. Sa'ad da za a yi alfarwar sujada, Ubangiji ya ce wa Musa ya kira Bezalel ɗan Uri da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, ya ba shi hikima da fahimi da gwaninta a aikin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu da sassaƙar itace. Bezalel ba firist ba ne, ba ma daga kabilar Lawi ya fito ba, mutumin Yahuza ne. Duk da haka shi ya ƙera akwatin alkawari, Haruna kuma ya yi hidima a cikin alfarwar da hannun wani ya gina. A sura 35 an ƙara da cewa Allah ya ba shi da abokin aikinsa Oholiyab ikon koya wa waɗansu. Mu ne muka saba ɗora mumbari a sama, aikin hannu a ƙasa. Ubangijinmu da kansa mutanen Nazarat da sassaƙa suka san shi, Bulus kuma da ɗinkin tanti ya ci abinci a Koranti.

Yanzu ga maganar alkawarin, don na san ita ce ke hana ki barci. Alkawari ga Allah ba wasa ba ne, ba kuwa zan ce ki mance da shi ba. Amma ki sake karanta labarin Hannatu, wanda na tabbata shi ne a ranki ranar da kika durƙusa. Hannatu ta yaye Sama'ila, ta kai shi Shilo wurin Eli, kowace shekara ta ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Iyakar abin da ke hannunta ke nan. Ba ita ta mai da shi annabi ba. Sura 3 ta 1 Sama'ila ta ce yaron yana kwana a ɗakin Ubangiji amma bai riga ya san Ubangiji ba, sai daren da Allah ya kira shi da kansa, shi kuma ya amsa da bakinsa. Uwa tana iya miƙa ɗanta ga Allah, tana iya rainonsa cikin Magana da addu'a, amma kira ba ya bi ta hannun uwa. Wasiƙa ga Ibraniyawa 5:4 ta ce ba mai ɗaukar wa kansa wannan girma sai wanda Allah ya kira. In mutum ba ya iya ɗaukar wa kansa, yaya uwarsa za ta ɗaukar masa? Fasto da aka tura makarantar tauhidi don a biya bashin uwarsa yakan wahala, ikkilisiyar da aka ba shi ta fi shi wahala.

Kin ce za ki mayar wa Allah da shi. To, wanda aka mayar wa abu shi ke da ikon cewa ga inda za a ajiye shi. In kin miƙa yaron, kika kuma tsaya kina zaɓa wa Allah aikin da zai ba shi, miƙawar ba ta cika ba tukuna. Kuma ki tuna aikin bishara a ƙasarmu bai taɓa tsayawa a kan masu wa'azi kaɗai ba. Tun shekarun 1960 ake shirya shirye-shiryen Sawtu Linjiila a Ngawundere cikin Fulatanci, muryar mai wa'azi kuwa ba ta isa rugar makiyayi sai da wanda ya san waya da na'urar ɗaukar sauti. Asibitocin mishan ma haka, in injin wuta ya tsaya ana cikin tiyata, mai gyara ake nema. Sannan ƙofar aikin fasto ba a shekara 14 take rufewa ba. Makarantun tauhidi, irin ta Ikkilisiyar Lutheran da ke Maiganga, manya suke ɗauka, waɗanda suka yi karatu, da yawansu ma sun taɓa wata sana'a kafin su shiga. In Allah yana da wannan kira a kan ɗanki, zai same shi a shagon gyaran waya kamar yadda ya sami Bitrus a bakin taru.

Maganar la'ana da matar dattijon ta yi miki kuwa, ki ajiye ta. Wataƙila da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ba daidai ba ce, kuma ta ƙara miki ciwo a kan ciwo. Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a. Allahn da ya ji kukanki kina ba ki da ɗa ba zai juya ya yi miki tarko da amsar addu'arki ba. Ki nemi Baba Fasto ke kaɗai, ko tare da matarsa, ki faɗa masa kalmomin alkawarin yadda kika furta su, ku yi addu'a tare, ki sake miƙa yaron ba tare da sharaɗin irin aikin ba. Ina kuma so ki tambayi kanki yadda yaron ya ji wannan labari daga bakinki. In kullum da faɗa yake jin sa, "ni da na roƙe ka da hawaye," to ya zama masa bashin da bai ci ba. Ki zaunar da shi wata rana da babu rigima, ki ba shi labarin yadda yake: an daɗe ana jiransa, an roƙe shi, an yi murna da zuwansa, kuma abin da za a yi da rayuwarsa tsakaninsa da Allah ne. Akwai wani abu kuma, ki yi mini haƙuri in faɗa. Wani lokaci uwar da aka yi wa gori takan so ɗanta ya tsaya a gaban jama'a da rigar fasto don dangin miji su gani. In kin sami ɗigon wannan a zuciyarki, ki kai shi gaban Ubangiji. Ba aikin yaro ba ne ya rama miki gorin da aka yi miki.

Sai maigidanki. Kada ki ɗauke shi abokin gaba a wannan al'amari, domin yana da gaskiyarsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanyar Ngawundere zuwa Kuseri, ya sha tsayuwa a shingen jami'ai, aka miƙa masa takardu cikin Faransancin da bai gama fahimta ba, ya san abin da rashin karatu ke jawowa fiye da ni da ke. Da ya ga makin Faransanci ya faɗi, wahalarsa ya hango tana jiran ɗansa. Kuma ba ƙarya ya hango ba. Da Faransanci ake rubuta BEPC, da shi ake tambayar lissafin da yaron ya iya, da shi ake rubuta takardar kwangila. Mai gyaran da ba ya karatu yakan tsaya a canza gilashin waya da batir har tsufansa, na'urori kuwa kullum sauyawa suke yi. Inda Baban yara ya kauce shi ne dukan nan da kulle kayan. Kolosiyawa 3:21 da ubanni take magana kai tsaye, kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Shirun da yaron yake yi a addu'ar dare shi ne karayar da ayar ta faɗa. Dukan bai ƙara masa maki ko ɗaya ba, sai dai ya koya masa cewa abin da ya fi so a duniya abin ɓoyewa ne a gidansu.

Kada ki tare shi da wannan magana ranar da ya sauka daga tafiya, ko a gaban yara. Ki bari ya huta, ya ci, hankalinsa ya kwanta. Kada kuma ki fara da cewa ya yi laifi. Ki fara da abin da kuka yarda a kai, cewa ku biyun ba ku so yaron ya bar makaranta. Daga nan ki nuna masa cewa abin da yaron yake so da abin da shi yake so hanya ɗaya suke bi. Bayan BEPC yaro yana iya neman shiga lise ta fasaha, wato babbar sakandare ta fasaha, ya bi sashen F2 na na'urorin lantarki ko F3 na aikin wutar lantarki, ya yi bakaloriya, jarrabawar kammala sakandare, kamar kowa. Daga can akwai cibiyar koyon fasaha ta IUT a Jami'ar Ngawundere, akwai kuma babbar makarantar injiniyoyi a Jami'ar Marwa, jami'ar da aka kafa a 2008, inda ake koyar da aikin makamashi irin na hasken rana. Maigidanki da kansa ya san yadda wuta take yi mana a nan arewa. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982 ita muka dogara da ita shekara da shekaru, in ruwan Binuwai ya ja baya sai duhu a tsakiyar zafin Maris da Afrilu. Shi ya sa aka kafa tashoshin sola a Marwa da Gider, shi ya sa kuma gidaje da shaguna da majami'u suke ɗora faifan sola a rufi. Duk waɗannan suna bukatar mai haɗawa da mai gyarawa. Aikin gwamnati kuwa sai an ci gasar shiga, masu nema da yawa, guraben kaɗan, kuma ya san masu digiri nawa ne suke haya da babur a cikin Garwa. Injiniya ma yana iya zama ma'aikacin gwamnati. In bai samu ba, yana da abin yi a hannunsa.

In maigidan bai saurare ki ba, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, wansa ko wani dattijo da yake girmamawa, amma ba mijin matar da ta tsorata ki ba. Abin da nake fata shi ne uban ya buɗe akwatin nan da hannunsa ya miƙa wa yaron kayansa. Kada ki sato makulli ki ba shi a ɓoye, domin za ki koya masa cewa ke da shi ɓangare ɗaya ne, babansa ɗaya ɓangaren. Uba ba sai ya yi dogon jawabi ba. "Ga kayanka, amma ga sharaɗina" ya isa, yaro zai gane sauran. Sai dai ki ji ni da kyau a nan: in irin wannan duka ya sake faruwa, ko ya kai ga rauni, ba abin rufewa ba ne da sunan sirrin gida. Ki kai yaron asibiti, ki sanar da fasto da manyan dangi, ki tsaya tsakani.

Game da Alhaji mai shago, na lura ba ki faɗi ko ɗaya daga cikinku ya taɓa zuwa wurinsa ba. Gani ya kori ji. Har yanzu abin da kika sani a kansa shi ne yaronki yana son zama wurinsa, kuma shi Musulmi ne. A Garwa da wa muke ciniki, wa ke ɗinka mana, wa ke zuwa mana gaisuwar mutuwa? Zaman tare muke yi tun kakanni, 'ya'yan Kirista sun koyi sana'a wurin Musulmi, 'ya'yan Musulmi sun yi karatu a makarantun mishan. Abin da ya kamata shi ne a yi abin bisa al'ada. Maigidanki ya je da goro, ya gaishe shi, ya gode masa da ya riƙe yaron, ya ce ga ɗana na ba ka amana. A wannan zaman ne zai faɗa masa a fili, cikin girmamawa, cewa yaron Kirista ne, ran Lahadi yana majami'a, kuma ɗan makaranta ne, ba za a riƙe shi lokacin karatu ba. Mutumin kirki zai ji daɗin wannan, don uban yaro ya daraja shi. A nan kuma za ku ga su wane ne ke zama a shagon, wace irin hira ake yi, ko ana sayen wayoyin da ba a san asalinsu ba. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta hana ɗaukar yaro aiki ko koyon sana'a kafin ya kai shekara 14, ɗanki ya kai, amma wannan bai mai da shi ɗan aikin da za a ajiye har dare ba.

Ban ce tsoronki ba shi da tushe ba, sai dai ina ganin kin sa shi a wurin da ba nan ne haɗarin yake ba. Yaro a wannan shekaru yana bin inda ake ganin darajarsa. A shago ana ce masa sannu da ƙoƙari, ana ba shi waya a ce gwada mu gani. A gida an doke shi, a majami'a ana ce masa ɗan bola. In haka ta ci gaba shekara uku ko huɗu, ba sai kowa ya yi masa wa'azin wani addini ba, da ƙafarsa zai yi nisa da ku, ko da mai shagon dattijon ikkilisiya ne. Saboda haka gyaran daga wajenku zai fara. Wannan suna na ɗan bola a daina shi, ki fara hanawa a cikin gida, ki kuma gaya wa duk babban da ya faɗa a gabanki cewa ba ki so. Ki roƙi Baba Fasto ko shugaban matasa su haɗa shi da mai kula da lasifika da makirfo na majami'a, ya riƙa zuwa da wuri ran Lahadi yana taya shi haɗawa. Ranar da ƙanwarsa ta tsaya waƙa aka ji muryarta har bayan majami'a, ki gode wa su biyun a gaban babansu. Ita ma yarinyar ki kula da ita, yabon jama'a yana da nasa haɗarin, kada ta taso tana jin ta fi wanta kusa da Allah don ana tafa mata.

Sharaɗin da za ku yi da yaron ya zama a sarari, ku ukun ku zauna a kai, a bar shi shi ma ya yi magana. Shawarata, shago ran Laraba da rana tun da makaranta tana tashi da wuri, da ran Asabar, sai kuma dogon hutu daga Yuni zuwa farkon Satumba. Sauran ranaku na littafi ne. A ɗaura zuwa shagon a kan makin Faransanci, amma a sa abin da zai iya kaiwa, ya fara haura 10 bisa 20 a zango mai zuwa, kada a ce sai ya zo na ɗaya. In kuna da hali ku nemo ɗalibin jami'a ko wani malami a ikkilisiya ya riƙa yi masa bita. Ki gwada wannan dabara kuma: ya riƙa rubuta a littafi, cikin Faransanci, kowane gyaran da ya yi, abin da ya lalace, yadda ya gano, abin da ya canza. Yaron da ba ya son rubuta labarin da aka tilasta masa yakan cika shafi a kan abin da yake ƙauna. In makin bai tashi ba, a rage ranakun shago zuwa Asabar kaɗai, ba duka, ba ƙwace kaya. In kuma kun ga duk da ƙoƙarinsa karatun lise ta gama-gari ya ƙi shi, ba ƙarshen duniya ba ne, akwai makarantun fasaha da ke kai yaro ga takardar CAP ta shaidar iya sana'a, ku je ku tambayi shugaban makaranta yadda ake sauya layi. Haka nan in ziyarar shagon ta nuna muku abin da hankalinku bai kwanta da shi ba, kada ku kashe sana'ar gaba ɗaya, ku nemo wani maigidan, cikin ikkilisiya ko waje, ku janye yaron da mutunci ba tare da ɓata wa kowa suna ba.

Akwai wani wuri da nake so ki sa ƙarfinki, domin a nan ne bangaskiyarsa za ta sami aikin yi. Gyaran waya sana'a ce ta amana. Mutum yana miƙa maka wayarsa da hotunan iyalinsa, da saƙonninsa, da asusun kuɗinsa, ya juya baya ya tafi. Bai san abin da ya lalace ba, abin da ka faɗa masa shi zai yarda. Mai gyara yana iya cire batir mai kyau ya sa tsoho, yana iya cewa babban abu ne ya ƙone alhali 'yar waya ce ta tsinke, yana iya buɗe abin da ba a ce ya buɗe ba. Yaro ɗan shekara 14 kuma zai ci karo da hotuna da bidiyon da bai kamata ya gani ba. Wannan ya fi damuna fiye da addinin mai shago. Ki riƙa tambayarsa da daddare, ba tambayar tuhuma ba, me ka gyara yau, wa ya kawo, nawa aka karɓa. Cikin irin wannan hira za ki koya masa cewa ba ya buɗe hoton mutum, ba ya ƙara wa ciwon waya girma don kuɗi, in ya ɓata abu ya faɗa. Karin Magana 11:1 ta ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus. In aka san ɗanki a kasuwa da cewa yaron nan Kirista ba ya cin amana, ya yi shaidar da mutane da yawa ba za su taɓa shiga majami'a su ji ba. Daga ɗan abin da yake samu kuma ki koya masa fitar da zakka da ajiya, wani lokaci ya gyara wa gwauruwa fitilarta kyauta. Ki kuma ja masa kunne a kan lafiyarsa: kada ya taɓa wayar wutar gida shi kaɗai, kada ya huda batirin da ya kumbura, ya yi aikin dalma inda iska take shiga, ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Addu'ar dare kuwa, kada ki tilasta masa buɗe baki. Ya zauna tare da ku, wannan dokar gida ce, amma addu'ar da aka matso da tsawa ba ta zuwa ko'ina. Ke ki yi addu'a yana ji, ki gode wa Allah saboda hannuwansa da basirarsa, ki ambaci abin da ya gyara a makon. Ki lura kuma da harshen da ya fi saurin karantawa. Yaranmu da yawa Hausa suke ji a gida, Fulatanci a unguwa, amma da Faransanci suka koyi karatu, sai Littafi Mai Tsarki na Hausa ya yi musu nauyi su yi shiru, mu kuwa mu ɗauka taurin kai ne. In haka ne ki samo masa na Faransanci ya zama nasa, ki nuna masa Fitowa 31 ya karanta da kansa, ki tambaye shi abin da ya gani. Bulus ya ce bangaskiyar Timoti ta fara zama a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Zama ta yi a cikinsu, yaron ya tashi yana ganinta kowace rana. Maimaitawar Shari'a 6:7 ma zancen zaune a gida da tafiya a hanya da kwanciya da tashi take yi. Tun da babansa yakan yi kwanaki a hanya, yawancin wannan a wuyanki yake, amma in ya dawo ki ba shi wurinsa ya ja addu'ar, ko gajeriya ce. Ajin baftisma ko na tabbatarwa kuma a bar shi ya shiga sa'ad da ya shirya, ba don a rufe bakin masu magana ba.

Mai yiwuwa ne bayan shekara biyu ki ga ya saki gyaran waya ya kama wani abu, ko lissafi zalla, ko aikin injin mota irin na babansa, ko ma ya zo da kansa ya ce yana jin kira. Yara suna sauyawa, kada a yi masa gorin goron da aka kai. Abin da zai sa ki tashi tsaye da sauri daban ne: in ya fara kwana a waje, ko kika ga kuɗi ko waya mai tsada da ba ki san inda ya samo ba, ko makaranta ta aiko cewa ba ya zuwa aji, ko shirun nasa ya wuce na addu'a ya zama ba ya ci ba ya magana da kowa. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan kada ki jira ƙarshen zango, ki nemi fasto da malamin ajinsa a makon. In ba haka ba, ki fara da Baba Fasto, sannan maigidanki, sannan ziyarar shagon, ki ba sharaɗin zango ɗaya cur kafin ki yanke hukunci a kansa. Ki sake rubuto mini in sakamakon ya fito, ina so in ji yadda zaman Baban yara da Alhaji ya kasance. Ina sa ku duka cikin addu'a.